Gurbin Suna a Littafin Bawku

Ni ɗan fari ne, kuma mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana a gabana ba. Wanda ya tashi a gidan Hausawan da zai ce to mene ne abin labari a nan, ai haka ake yi. Gaskiya ne. Nawa ma ya fi tsanani, domin sunan kakana na wajen uba aka sa mini, wato sunan surukinta, sai kunyar ta zama biyu. Da aka yaye ni, gwaggona, yayar mahaifina, ta zo Salaga ta goye ni ta tafi da ni Yendi. A can na girma, a can na yi allo, a can na yi boko. Idan na je Salaga hutu, mahaifiyata ba ta duban fuskata. Sai dai in ji ta ce da ƙanwata, "Kai wa mutumin Yendi ruwa." Ni kuma Yaya nake ce mata, kamar yadda na ji ƙannenta suna faɗa. Kullum malmalar tuwona ta fi ta kowa, tsokar nama kuma a ƙarƙashin nawa ake ɓoye ta, amma yaro ba ya sa tuwo cikin lissafin ƙauna. Abin da na riƙe a raina shi ne, ƙannena tana kiransu da suna, tana zaginsu, har ta kai musu duka, ni ko zagin ban samu ba.

Shekaru kaɗan bayan ƙasar ta samu mulkin kai, ina da shekara ashirin da 'yan kai, aka ɗauke ni a makarantar koyon aikin malamin dabbobi. Mahaifina dillalin shanu ne kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma tun ina ƙarami babu abin da ke burge ni kamar mutumin gwamnati mai gajeren wando da ke buɗe bakin sa ya ce wannan ya wuce, wannan ya tsaya. Wasiƙar makarantar ta ce in zo da takardar hukuma mai nuna ranar da aka haife ni da garin da aka haife ni, kafin ƙarshen wata. In ban kawo ba, a ba wani wurina.

Na ɗauka abin wasa ne. Na zauna na rubuta takardar roƙo da Turanci, na zuba mata manyan kalmomin da ni kaina sai da na duba ƙamus, na goge rigata, na hau mota zuwa Salaga, tun da a ganina inda iyayena suka zauna nan aka haife ni. Ofishin kansul na Salaga, wato na hukumar gari, ɗaki uku ne da baranda, da benci ɗaya wanda duwawun masu jira suka goge shi har yana sheƙi. Akawun wurin, wanda mu a can karaci muke ce masa, ya karanta takardata, ya yaba rubutun hannuna, ya ce in dawo gobe, mai mabuɗin sito ya tafi gona. Gobe ta yi, mai mabuɗi ya zo, mabuɗin bai zo ba. A rana ta huɗu aka buɗe. Muka yi ta juya littattafai masu warin kashin jemage, waɗansu gara ta cinye rabinsu, muka samu sunan mahaifina a wurare da dama, amma babu ni.

Duk kwanakin nan a gidanmu nake kwana. Kullum da safe Yaya tana ganin ina fita da takardu, kullum da yamma tana ganin na dawo fuska a murtuke. Ta san abin da nake nema, ta kuma san ba a Salaga yake ba. Amma maganar haihuwata ce, bakinta ba zai ɗauka ba, ni kuma ban tambaye ta ba, don ba a tambayar uwa irin wannan. Sai ranar da na dawo hannu rabbana na ji ta daga madafa tana cewa da ƙanwata, "Ki ce wa mutumin Yendi ya tambayi gwaggonsa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana huɗu na ƙona a kan benci, ga mai amsa tana daka daddawa a gida.

Da na isa Yendi ma ban wuce wurin Gwaggo kai tsaye ba. Taurin kai ya kai ni ofis tukuna, wai ni ɗan boko, takarda ce shaidata ba maganar tsohuwa ba. A can suka fito mini da littafin da aka rubuta mu ranar shiga makaranta. An sa mijin Gwaggo a matsayin ubana. Shekaruna kuwa, na tuna yadda aka auna su: malami ya ce in ɗora hannun dama a kan kai in taɓa kunnen hagu, na taɓa, ya rubuta shida. Karacin Yendi ya yi dariya ya ce wannan ba takardar haihuwa ba ce, takardar kunne ce. Kwana biyu suka ƙara tafiya.

Gwaggo ta saurare ni tana tsinke zogale, ta ce, "Kai dai boko bai ƙara maka komai ba sai girman kai. Wace mace ce take haihuwar fari a ɗakin miji? Gidan iyayenta ta tafi goyon ciki. A Bawku aka binne cibiyarka, ni na je suna."

Hanyar Bawku daga Yendi wuni guda ce in mota ta ga dama, kuma akwai wani gangaren dutse da fasinja ke sauka su taka da ƙafa, direba ya sauko da motar shi da Allahnsa. Kakannina na wajen uwa sun daɗe da rasuwa, sai na sauka a zango wurin wata dangin nesa. Washegari na tafi ofishin Disi, wato babban jami'in gwamnati na gundumar.

A bakin ƙofa na tarar da masinjan ofishin, wani dattijo ɗan zango, tsohon soja, yana ɗingishi, jar hula a kansa. Na miƙa masa goro, ya karɓa ya tambaye ni gidan wa. Da na faɗi gidan kakana na wajen uwa, sai ya ce ya san shi, mai sayar da albasa, mutumin kirki. Shi ya shiga sito da kansa. Bai fi awa ɗaya ba ya fito da wani dogon littafi, irin wanda duba-gari ke yawo da shi gida-gida a zamanin Turawa yana rubuta haihuwa da mutuwa. Muka bi layi da yatsa har muka kai. Ga sunan gidan. Ga sunan mahaifina, an rubuta yana Salaga. Ga sunan mahaifiyata. Ga rana, ga wata, ga shekara, an rubuta namiji. Wurin sunan jariri kuwa babu komai, fari fat.

Dattijon ya dubi gurbin, ya dube ni, ya kama dariya. "Ɗan fari ne kai, ko? Littafin nan cike yake da irinku. Duba-gari ya shigo ranar kasuwa, manya duk sun fita, ya tarar da mai jego ita kaɗai. Ya ce yaya sunan yaro, ta ja mayafi ta rufe fuska. Shi kuma yana da gida hamsin a gabansa, sai ya wuce."

Ni ban ga abin dariya ba. Karacin wurin, wani saurayi Bakusashe, ɗan ƙabilar yankin, mai tsabta, wanda Hausarsa ta kasuwa ce, ya yi mini bayani. Ba za su iya ba ni takarda da sunana ba alhali littafi bai san sunana ba. Sai ɗaya daga cikin mutum biyun da ke rubuce a layin ya zo da kansa, ya faɗa da bakinsa cewa jaririn nan ni ne, ya faɗi sunan, ya dangwala yatsa, Disi ya sa hannu. Na ce Gwaggo fa? Ya ce ba ta cikin littafi. Na ce mahaifina ya rasu. Ya ce, "To ka kawo mama."

Na koma Salaga, kwana biyu a hanya. Ban iya gaya wa Yaya ba, ƙanwata na gaya wa, ita kuma ta shiga ɗaki ta isar. Na zauna a zaure ina jiran a ce mini ba za ta je ba, na ma shirya abin da zan faɗa. Sai ƙanwata ta fito ta ce, "Ta ce yaushe motar take tashi?"

Tun da ta baro Bawku da ni a goye ba ta koma ba sai sau biyu, duka ta'aziyya. A cikin mota ta zauna can baya cikin mata, ni ina gaba kusa da direba saboda rigata mai guga. Mota tana wahalar da ita, na ji tana amai, ban waiwaya ba, na ce a raina ai ita ta jawo. Duk inda muka tsaya sai in ga wata mata ta miƙo mini ƙunshin soyayyar doya ko dafaffen ƙwai ta ce, "An ce a ba ka." A gangaren dutsen nan na gan ta tana takawa a hankali, takalmi a hannu, ƙafafunta sun kumbura. Na so in karɓi ƙunshin kayanta, na fasa. Saura kwana biyar wata ya ƙare.

Muka shiga ofis da hantsi. Ba ta taɓa shiga ofishin gwamnati ba, sai ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar za ta shiga masallaci, aka nuna mata kujera ta zauna a ƙasa. Dattijon masinja ya gaishe ta da kyau, suka yi tambayar mutanen da, wane ya rasu, wance ta koma Kumasi. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Malam, ka ɗan fita ka sha iska. In an gama na kira ka."

Na ce, "Baba, takardata ce. Zan tsaya in ga abin da ake rubutawa."

"Ka ji maganata, ɗana. Na ga irin wannan da yawa."

Na ce babu inda za ni. A lokacin na gaya wa kaina wai ina tsoron karaci ya yi kuskure ne. Ƙarya nake yi. So nake in ji. Shekara ashirin da wani abu ina jira, yau ga hukuma da kanta za ta tilasta mata, ni kuwa in fita shan iska?

Karaci ya tsoma alƙalami a tawada ya ce, "Mama, wannan mutum, kai ne ka haife shi?"

Ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Na gwaggonsa ne."

Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san i ta ce. Amma karaci ba Bahaushe ba ne. Ya ajiye alƙalami ya dube ni kamar ya kama ɓarawo. Dattijo ya yi masa bayani da yaren karacin, shi kuma ya sake ɗaukar alƙalamin yana girgiza kai. "To, mama, ka faɗi sunan shi." Ta ƙara sunkuyar da kai. Ya sake tambaya. Na ga leɓenta yana motsi, na ga ta ɗago ido ta sauke a kan ƙafafuna, ta mayar ƙasa. Gumi yana bin wuyanta. Muka yi ta tsayuwa har mutanen da ke layi suka fara leƙowa ta taga. Daga ƙarshe karaci ya rufe littafi ya ce, yana nufin Disi, "Masa zai tafi rangadi gobe da azahar. In bai sa hannu kafin nan ba, sai sati biyu."

A gindin mangwaron da ke gaban ofishin na yi abin da har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina. Ga mata masu sayar da tubani, ga masu jiran shari'a, ga kowa. Na tsaya a kanta na ɗaga murya. Na ce ke kika bar gurbin nan tun ina tsumma, yau kuma za ki sake bari. Na ce wannan ba kunya ba ce, duhun kai ne. Na ce kin bayar da ni tun ban san fuskarki ba, ban ce komai ba, yanzu kalma ɗaya ta gagare ki. Sannan na ce, "Yaya, in ba ke kika haife ni ba, ki faɗa mini yau in je in nemi uwata."

Wata tsohuwa cikin masu tubani ta yi salati. Yaya ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da goro ɗaya fari, ta ajiye a kan bencin da ke tsakaninmu, ta ce wa iska, "Tun safe ba a ci komai ba." Na bar goron a wurin na yi tafiyata.

Washegari kafin in gama shiri ta riga ta fito tsakar gida tana jira. Ta ɗaura zanen da na san ba ta ɗaura shi sai da salla. A hanya ina gaba tana baya. Da muka shiga, na ga dattijon yana yi wa karaci raɗa. Karaci ya buɗe littafi, ya jawo takarda, sai ya dafe kai kamar ya tuna wani abu. Ya ce takardar rantsuwa ba ta tafiya sai da kan sarki, nasu kuma ya ƙare, in ruga gidan waya in sayo kafin Masa ya tashi.

Na ruga. Ranar kasuwa ce, gidan waya ya cika da masu aika wasiƙa kudu. Na shiga layi ina tsaki, ina duban rana, har na yi cacar baki da wani mai shanu da ya so ya shige gabana. Da na samu kan sarkin na dawo da gudu, rigar gugar nan ta jiƙe sharkaf.

Na tarar da ita a baranda, ta juya wa ƙofa baya, mayafi ya rufe fuskarta duka. Babban yatsanta na dama ya yi shuɗi da tawada. A ciki karaci yana busa takarda. A littafin duba-gari, a gurbin da ya shekara ashirin da wani abu fari, ga sunana da sabuwar tawada, ya fi duk abin da ke shafin baƙi.

Na ce, "Ta faɗa?"

Dattijo ya ce, "Sau biyu. Na farko a hankali, karaci ya ce bai ji ba. Na biyu kuwa har na bakin taga sun ji. Ta ce ranar Alhamis ta haife ka bayan la'asar, ana ruwa, ta ce ka zo da gashi da yawa. Wannan ba a ma tambaye ta ba."

Na tsaya riƙe da kan sarki. Dattijon ya karɓa daga hannuna, ya jawo aljihun tebur ya jefa shi a kan waɗansu da ke ciki fal. Ya ga na gani. Ya ce, "Jiya na ce ka fita da girmanka, ka ƙi. Da ka fita, da ka tsaya a bayan ƙofar nan ka ji da kunnenka, yadda sauran suke yi. Ita dai kada ta gan ka ne."

Na ce, "Baba, yaya ta faɗe shi?"

Ya faɗi sunana da muryarsa ta tsohon soja, mai kaushi. Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce, "To ni haka na iya."

Disi ya sa hannu kafin azahar, na kai takarda makaranta saura kwana ɗaya, aka ɗauke ni. Na yi aikin dabbobi shekara talatin, na buɗe bakin shanun da ban san iyakarsu ba. Amma a hanyarmu ta komawa ban ba ta haƙuri ba. Na yi niyya a gangaren dutse, na ce bari sai mun isa Yendi. A tashar Yendi, inda za mu rabu, na sa ta a motar Salaga, na tsaya a bakin taga ina neman ta inda zan fara. Tana ta ɓoye yatsan nan cikin zane, tawadar ba ta fita ba. Mota ta tashi, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Allah ya ba mutumin Yendi sa'a." Na ce amin. Na ce a raina in na zo hutu na faɗa. Na zo hutu sau da yawa, kullum sai in ga maganar ta yi nauyi, tayar da ita ma wata rashin kunya ce. Ashe ni ma ɗanta ne.

Ina aiki a kan iyaka a Kulungugu, ina duba shanun da ke shigowa, aka aiko mini ta rasu. Kafin in isa Salaga an yi sadakar uku. Bayan mutane sun watse na zauna da ƙanwata a ɗakinta, na tambaye ta ko Yaya ta taɓa yin maganar tafiyarmu Bawku, ko ta riƙe ni da abin da na faɗa a gindin mangwaro. Ƙanwata ta ce wane abu? Ba ta taɓa jin an yi wata magana a gindin mangwaro ba. Ta ce sau ɗaya kawai Yaya ta ambaci tafiyar, ranar da ta dawo, tana goge yatsanta da toka a bakin rijiya. Cewa ta yi, "Na kunyata mutumin Yendi a gaban mutane. Allah ya sa ya yafe mini."

Takardar tana nan a akwatina, ta yi ja, ta karye a wurin ninki. Tambarin yatsanta ya dusashe amma ana ganinsa. An kira sunana a ofisoshi da asibitoci da filin jirgi, matata ta sakaya shi, jikokina suna kiransa da tsokana. Mahaifiyata ta faɗe shi sau biyu, har na bakin taga sun ji, ni ina gidan waya ina faɗa da mai shanu a kan layi.